Argungu da giyar Beljiyam a takarda ɗaya

A ƙarshen shekarar 2016 kwamitin UNESCO mai kula da al'adun gargajiya ya zauna a Addis Ababa. A zaman nan aka saka bikin kamun kifi na Argungu cikin jerin al'adun da duniya ta yarda a adana. Mun yi murna, jaridu sun buga, aka wuce wurin. Abin da da yawanmu ba mu lura da shi ba shi ne, a wannan zaman dai ƙasar Beljiyam ma ta shigar da tata al'adar, wato al'adar haɗa giya da sanin ɗanɗanonta. Eh, giya. Barasa dai da kuka sani.

Kafin wani ya hau ni da "Malam ka ji tsoron Allah", bari in share hanya. Ni Musulmi ne, ba na sha, hukuncinta a addinina a fili yake, kuma ba shi na zo mu tattauna ba. Amma na daɗe ina aikin gwamnati a ɓangaren ciniki da ƙananan masana'antu, na zauna a tarukan bita ba adadi a kan "ƙara wa kayanmu daraja", a ci abinci a karɓi alawus a watse. Duk misalan da ake kawo mana babu wanda ya kai na Beljiyam fito da maganar sarai. In aka ce sai daga abin da muke ci muke sha kaɗai za mu ɗauki darasi, to fa za mu daɗe a inda muke.

Beljiyam ba ta kai jihar Kaduna faɗin ƙasa ba, mutanenta kuma ba su wuce miliyan 12 ba. Amma takardar UNESCO ta ce ana yin giya kusan iri 1,500 a ƙasar. A farkon ƙarni na 20 gidajen haɗa giya sun haura 3,000, kusan kowane ƙauye da nasa. Yaƙin duniya na farko ya zo, sojojin Jamus suka kwashe tukwanen tagulla suka narkar don yin makamai. Bayan yaƙi na biyu kuma manyan kamfanoni suka cika kasuwa da giya iri ɗaya mai araha, ƙananan suka yi ta mutuwa, har ya zama a shekarun 1990 ba su kai 150 ba. Yau sun koma wajen 400, kuma fiye da rabin abin da ƙasar ke yi waje ake fitar da shi. Tambayata ita ce, me ya dawo da su?

Amsata: harshen masu saye, da dokar da ke kare suna.

Mu fara da harshen. Mutanen nan ba kwankwaɗa kawai suke yi ba, sun mai da ɗanɗano ilimi. Mai ɗanɗano yakan fara da ido, ya duba launi, ya duba kumfa, ya ga ko ta tsaya ko ta faɗi nan take. Sai hanci. Yis ɗin da suke amfani da shi yana fitar da ƙamshi irin na ayaba, wani irin na kanumfari, wani na barkono, alhali babu ayaba babu kanumfari a cikin tukunyar. Sai baki: zaƙin tsirarren sha'ir, ɗacin furen da ake kira hop, tsami, da abin da ya rage a maƙogwaro bayan an haɗiye. Ba su yarda a sanyaya masu ƙarfin ta yi ƙanƙara ba, don sanyi na kashe ƙamshi. Da yawa daga cikinsu ana rufe su da yis mai rai a kwalba, yana ci gaba da aiki, shi ya sa ake zubawa a hankali a bar guntun ƙasa. Akwai wata mai suna Orval da ɗanɗanonta ke canzawa da watanni, har wasu shagunan sukan tambayi mai saye, sabuwa kake so ko wadda ta kwana biyu?

Kowace giya kuma da kofinta, kuma ba wasa suke da wannan ba. A birnin Ghent akwai wata mashaya, Dulle Griet, da in ka nemi wani dogon kofinsu sai ka cire takalmi ɗaya ka ba da jingina, a sa a kwando a ja shi sama har sai ka dawo da kofi. A Brussels kuwa Delirium Café ta shiga kundin Guinness a 2004 da giya iri 2,004 a wuri ɗaya.

Kada a ɗauka iyayi ne na Turawa. A 2024 masu bincike a jami'ar KU Leuven sun buga aikin da suka yi a kan giyar ƙasarsu iri 250. Sun auna sinadarai sama da 200 a kowace, suka zaunar da horarrun masu ɗanɗano, suka haɗa da ra'ayoyin masu saye 180,000 daga intanet, suka koya wa kwamfuta ta yi hasashen abin da baki zai so. Jami'a ce fa, da farfesoshi da kuɗin bincike, a kan abin shan gargajiyar ƙasarsu. Ina so wani ya nuna min sashen da ya yi wa fura ko daddawa irin wannan hidima.

Amfanin wannan duka shi ne, mai sayen da ya san ɗanɗano ba a cutarsa. In ka rage kayan haɗi zai gane. In ka yi gaggawa zai gane. Kuma a shirye yake ya biya ninki uku ga wanda ya yi aikin tsakani da Allah. Wannan shi ya ba ƙaramin mai sana'a damar rayuwa kusa da katafaren kamfani.

Misalin da ya fi burge ni shi ne lambic. Ana yin ta a yankin Pajottenland da kwarin kogin Senne, gefen Brussels. Ba a zuba mata yis. Ana dafa sha'ir da ɗanyar alkama, aƙalla kashi 30 cikin ɗari alkamar, sai a juye ruwan a wani faffaɗan faranti mara zurfi a saman bene, a buɗe tagogi, a bar shi ya kwana. Ƙwayoyin da ke yawo a iska da jikin katakon ɗakin su za su sauka su fara aiki. Daga nan a ɗura a gangunan katako, shekara ɗaya, biyu, har uku. Sannan gwani ya zo ya ɗanɗana ganga bayan ganga, ya gauraya sabuwa da tsohuwa, a samu abin da suke kira gueuze. In an jiƙa 'ya'yan ceri masu tsami a ciki ta zama kriek. Ba a yin ta sai lokacin sanyi, daga wajen Oktoba zuwa Afrilu, domin da zafi ƙwayoyin da ba a so su ke yin rinjaye. A gidan Cantillon, wanda aka kafa a 1900, ba sa share saƙar gizo-gizo, don gizon ke kama musu ƙudaje. Ɗumamar yanayi ma ta fara rage musu kwanakin aiki.

Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake nono a ƙwarya, ko yadda tsohuwa ke rufe kalwa ta bar ta kwanaki kafin ta zama daddawa, ya san wannan ilimin. Namu ne shi ma. Bambancin, a shekarun 1970 lokacin da lambic ta kusa mutuwa, mutane sun koma wa mai zaƙi ta kamfani, gidan Cantillon bai canza hanya ba. A 1978 suka mai da masana'antar gidan tarihi, mutum ya biya ya shiga ya ga yadda ake yi. A 1997 Tarayyar Turai ta ba wa sunayen Oude Geuze da Oude Kriek kariya, ba ka isa ka rubuta su a kwalba ba sai ka bi tsohuwar hanyar. Yau daga Amurka da Japan ake zuwa layi.

Sai maganar ruhubanawa, wato Kiristocin nan masu zaman zuhudu da ake kira Trappist. Tun 1962 wata kotu a Ghent ta hana 'yan kasuwa laƙaba sunan a kayansu. A 1997 gidajen suka kafa ƙungiya da tambari guda, da sharuɗɗa kaɗan amma masu tsauri: a yi kayan a cikin gidan ibadar ko dab da shi, ruhubanawan su sa ido a kai, ribar kuma ta tafi ga bukatun gidan da taimakon mabuƙata. Chimay, Orval, Rochefort, Westmalle da Westvleteren ke riƙe da tambarin a Beljiyam. Da su shida ne. Na shidan, Achel, ya rasa tambarin a 2021 saboda ruhubanawan ƙarshe sun tsufa sun bar gidan. Tukunya na nan, ma'aikata na nan, kayan haɗi ba su canza ba, amma sharaɗi ɗaya ya faɗi, aka cire tambari. Babu wanda ya kira wani babba a waya, babu "a duba mana". A matsayina na ma'aikacin gwamnati, wannan wurin ya fi tsaya min a rai, don na san yadda takardar shaida ke zama a hannunmu: in an bayar an bayar ke nan har abada, ko da mai ita ya koma sayar da ƙasa a madadin gari.

Westvleteren kuma labarinsu daban ne. A 2005 wani shafin masu ɗanɗano, RateBeer, ya ce tasu ta fi kowace a duniya. Motoci suka cika ƙauyen. Ɗan kasuwa zai ce a ninka tukwane, a ci bashin banki. Su kuwa suka ƙi. Matsayinsu shi ne suna yin sana'ar ce don su riƙe zaman ibadarsu, ba su zauna don sana'ar ba. Sai ka yi rajista, a ba ka rana, a ƙayyade maka adadi, kuma ka yi alkawarin ba za ka sayar wa wani ba. A 2018 da wani kanti a Holan ya tara kwalabe yana sayarwa da tsada, sun fito sun nuna ɓacin ransu a fili. Ƙin yawaitawar nan ita ta ƙara wa sunan tsada.

To ina aka samo "irin ta Beljiyam" da ake gani a kwalaben Amurka da sauran ƙasashe? Nan ne ɗaya gefen labarin. A garin Hoegaarden akwai farar giyar alkama da ake sa wa ɓawon lemo da 'ya'yan koriyanda. Gidan ƙarshe da ke yin ta ya rufe a 1957. Wani mai sayar da madara, Pierre Celis, wanda ya taɓa taya aiki a gidan yana saurayi, ya farfaɗo da ita a 1966. Ta karɓu. A 1985 gobara ta cinye masana'antar, inshorarsa ba ta isa ba, babban kamfani ya kawo kuɗi, daga baya ya mallake komai. Celis ya tattara ya koma Texas ya buɗe wata a 1992. Amurkawa suka koya. A 1995 kamfanin Coors ya fito da Blue Moon yana kiranta farar giyar Beljiyam, alhali a Amurka ake yin ta. Sai da ƙungiyar masu haɗa giya ta Beljiyam ta kai ƙara kafin aka gyara rubutun ya koma "irin ta Beljiyam". Ka ga bambanci. Inda suka ɗaure suna da doka tun wuri, kamar Trappist, sunan ya zauna a gida. Inda ba su ɗaure ba, kowa ya ɗauka, abin da ya rage musu kalma ɗaya ce a jikin kwalbar wani.

Ba zan wuce ban faɗi abin da masu yabon ba sa son faɗa ba. Kofi mai kyau da zancen ƙamshin ayaba ba su canza abin da ke ciki. Giyar da aka saba sayarwa a Najeriya tana da sinadarin maye wajen kashi 5 cikin ɗari. Westmalle Tripel 9.5 ce. Westvleteren 12 ta haura 10. Rochefort 10 ta haura 11. Akwai wata mai 8.5 da suka sa wa suna Duvel, wato Shaiɗan, su dai ba su ɓoye ba. Kuma gwanintar haɗin ita ce ɓoye ƙarfin, mutum ya sha kamar ba komai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce barasa na kashe mutum miliyan 2.6 a shekara, kuma a 2023 ta fito ta ce babu wani adadi da za a kira lafiyayye. Hanta ba ta san tambarin UNESCO ba. Su kansu 'yan Beljiyam tun 1995 suke kamfen ɗin Bob, wato a ware mutum ɗaya da ba zai sha ba don ya tuƙa mota, kuma shan da suke yi a gida ya ragu ƙwarai a shekarun nan.

Akwai ma wani abin lura ga masu tsara doka. A 1919 Beljiyam ta yi dokar Vandervelde, ta hana sayar da barasa mai zafi a mashaya don ceto leburori. Dokar ta kai har farkon shekarun 1980. Masana tarihin sana'ar na danganta yawaitar giya mai ƙarfi a ƙasar da wannan dokar, an toshe ƙofa ɗaya kasuwa ta buɗe wata. Lokacin da NAFDAC ta fara aiwatar da haramcin barasar leda a 2024 wannan tarihin na tuna. Ina goyon bayan haramcin, yara ake kashewa da ledojin nan. Amma wanda ya hana abu ya kamata ya zauna ya yi lissafin inda masu shi za su koma.

Yanzu mu dawo gida, don maganar ba ta yi nisa da mu kamar yadda muke zato ba. Kamfanin giya mafi girma a duniya, AB InBev, hedikwatarsa na Leuven a Beljiyam. Shi ke da rinjaye a International Breweries ta Najeriya, mai masana'antu a Ilesha, Onitsha, Fatakwal da Shagamu. Beta Malt da Grand Malt nasu ne, kamar yadda Maltina ta Nigerian Breweries ce. Wato lemon da muke rabawa a walima da ɗaurin aure daga gidajen nan yake fitowa. Tun 1988 kuma, da gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsirarren sha'ir, kamfanonin suka koma wa dawa da masara. Wa ke noma dawa a ƙasar nan? Mu ne. Tirela na ɗauka daga kasuwanninmu ta yi kudu, manomi ya karɓi kuɗin buhu, ba ya tambayar inda za ta, dillali ma ba ya faɗa. Kowace shekara a yi ta cacar baki a kan Hisbah ta fasa kwalabe da kuma rabon kuɗin VAT, kowane ɓangare na jifan ɗaya da munafunci. Ni abin da ya fi damuna ba a tattauna shi: hatsin namu ne, amma duk darajar da ake ɗora masa, ta halal da ta haram, a wani wuri ake ɗora ta. Ko lemon malt ɗin da babu maye a ciki, wanda mu ne manyan masu shansa, ba mu da wani fitaccen suna namu a kasuwarsa.

Kuma ba wai ba mu da harshe ba ne. Ku tuna yadda iyayenmu ke sayen goro. Dattijo zai ɗauka ya juya, ya ɓantara, ya ce maka wannan daushe ne, wannan sabo ne, wancan ɗan Laɓoji ne, kuma ya biya kowanne kuɗinsa. Sunan Gwanja kansa sunan ƙasa ne ya zama shaidar kaya. Matan Barno da turaren wuta haka suke, hanci ɗaya za ta gaya maka an yi ha'inci. Ilimin nan bai bambanta da na mai ɗanɗano a Brussels ba. Ba mu rubuta shi ba ne, ba mu koyar ba, ba mu ɗaure shi da doka ba, yanzu yana mutuwa tare da masu shi. Yaron yau zai sha zoɓon da aka rina da kala aka zuba masa zaƙin roba ya ce ya yi daɗi, don bai taɓa shan na gaske da citta da kanumfari ba. Mai yin na gasken kuma ta daina, tunda ba wanda zai biya bambancin.

Mun taɓa yin asarar suna, kuma babba. Fatar jan akuyar Sakkwato ta ratsa Sahara shekaru aru-aru, ta isa Turai, aka kira ta fatar Maroko. Har yau haka sunan yake. Aya kuma, Sifaniya na da kunun ayarta da ta ke kira horchata, ayar Valencia na da kariyar suna a dokar Turai, amma ƙasar na sayen aya daga Nijar da Mali da Burkina Faso. Manomin Maraɗi ya sayar a buhu, wani ya sayar a kwalba da tarihi a jiki.

Maƙwabtanmu sun fara farkawa. Kamaru ta yi wa barkonon Penja rajista tun 2013 a ƙungiyar OAPI, kuma Tarayyar Turai ta amince da sunan a 2022. Nijar ta yi wa albasar Galmi da kilishinta irin wannan rajista. Mu a Najeriya shekaru ke nan ana maganar dokar kare sunan kaya da yankin da ya fito, daftari na yawo daga wannan tebur zuwa wancan.

Abin da nake ganin za a iya farawa ba sai an jira Abuja ba. Masu kilishi na gari ɗaya, ko masu zuma, ko matan da ke daddawa, su zauna su rubuta shafi ɗaya tak: wane nama, wane ɓangare, kwana nawa a rana, me ake sawa a labu, me ba a yarda a sa ba. A samu dattawan sana'ar biyar ko bakwai da ke ɗanɗanawa kafin a buga tambari. Jami'ar da ke kusa ta auna tsabta da ruwan da ke ciki. Ma'aikatar ciniki ta jiha ta riƙe rajista. Sharaɗi mafi wuya shi ne na Achel, ranar da ɗan sarkin fawa da kansa ya karya ƙa'ida a cire masa tambari, kuma kada waya ta yi ƙara a ofishin kowa.

OAPI ƙasashe 17 ce, ciki har da Kamaru, Chadi, Benin da Nijar, wato duk maƙwabtan da muke iyaka da su ta ƙasa. A kasuwanninsu kilishin Nijar na da takarda da suna a rajista. Na Kano da na Sakkwato kuma a tsohuwar jarida ake naɗe shi.